Yadda A Ke Ɗaura Kaskon Injin Yankan Ciyawa Da Aiki Da Shi Lafiya

Damina ta kankama, ciyawa ta tashi ko'ina: a filayen makarantu da na ƙwallo, da filayen sukuwa, da cikin gonakin mangwaro da lemo. Da can lauje da adda a ke sa mata, mutane da yawa su wuni suna fama. Yanzu akwai injin da mutum ɗaya zai hau kamar ƙaramar tarakta, ya gama aikin kafin rana ta yi zafi. Wannan makon a kansa za mu yi magana, domin wuƙar da ke cin ciyawa da sauri haka ba ta san bambancin ciyawa da yatsan mutum ba.

Wani mutumin Ingila mai suna Edwin Budding shi ya ƙago injin yankan ciyawa a 1830. Ya samo dabarar daga wani inji da a ke aske gashin ulu da shi a masaƙa. Nasa turawa a ke yi da hannu. A 1902 kamfanin Ransomes na garin Ipswich ya fara sayad da mai aiki da fetur. Irin wanda a ke hawa a yau kuwa, a Amurka ya fi yawa, can ne kuma aka tsara yawancin ƙa'idodin da za mu ambata.

Mene ne kasko?

In ka leƙa ƙarƙashin injin, tsakanin tayoyin gaba da na baya, za ka ga wani faffaɗan ƙarfe kamar an kife kasko. Shi za mu riƙa kira kasko. A manyan injuna na aikin haya faɗinsa ya kan kai inci 48, ko 60, ko 72. A cikinsa akwai wuƙaƙe, yawanci uku. Kowace tana ɗaure da wani sandan ƙarfe mai juyawa cikin boris, a saman sandan kuma akwai fuli. Bel guda ke ɗauko ƙarfi daga inji ya zagaya fulin nan duka ya juya su. A gefe ɗaya akwai baki inda yankakkiyar ciyawa ke fita, da murfi a kansa mai karkatad da ita ƙasa.

Ƙa'idar masu ƙira ta Amurka ta yarda tsinin wuƙa ya yi gudun da ya kai ƙafa 19,000 cikin minti ɗaya, watau fiye da mil 200 cikin awa. To, ku duba abin da zai faru in ta ɗauki dutse ko guntun waya ta jefo. Duk abin da za mu faɗi nan gaba, daga wannan lissafi ya taso.

Kafin a taɓa kome

A kai injin wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, in da hali daɓen siminti. A ja birkin hannu, a kashe makunnin wuƙaƙe, a kashe inji, a zare mabuɗi a sa aljihu. Sa'an nan a cire wayar fulogi. In injin na gas ne, ba shi da fulogi, a kwance wayar batir ta ɓangaren baƙi. Dalili kuwa shi ne kada wani ya zo ya tayad da inji hannunka na cikin kasko. A jira salansa ta huce tukuna. A sa waji a tayoyin baya, a sa safar hannu mai kauri.

Babban kasko yana da nauyi ƙwarai, ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ku zama biyu, ɗaya na turawa ɗaya na duba. In ya zama lalle a ɗaga injin, kada a dogara ga jak kaɗai. A tokare shi da matokaran ƙarfe ko katako mai ƙarfi. Bulon siminti ya kan fashe ba zato, kada a yi amfani da shi.

Ɗaura kasko

1. A tabbata kaskon na wannan inji ne. Lambar da ke jikinsa ta dace da wadda ke cikin littafin injin. Kaskon da aka tilasta wa shiga da walda da guduma ba zai zauna daidai ba, bel kuma zai riƙa faɗuwa.

2. A saukad da sandan ɗaga kasko har ƙasa. A tura kaskon daga gefe, sannu sannu, bakinsa na duban ɓangaren da littafi ya nuna, yawanci dama.

3. A rataya hannuwan baya, sa'an nan na gaba. Kowane hannu yana da ƙusarsa mai kauri, kowace ƙusa kuma tana da 'yar makullinta ta waya mai hana ta zamewa. In ɗaya ta ɓace a sayi irinta. Kada a sa ƙusar kafinta ko guntun waya a madadinta, girgizar inji za ta karya ta, kasko ya faɗi a kan tafiya wuƙaƙe na juyawa. Sa'ad da a ke daidaita ramuka a yi da sukurdireba, kada a cusa yatsa.

4. A sa bel yadda zanen da ke manne a jikin kasko ya nuna. Bel yana da gefe mai tsini da gefe mai faɗi. Mai tsini ya shiga cikin kwarin fuli, mai faɗi ya kwanta a jikin fulin da ba shi da kwari. A duba kada ya murɗe a ko'ina.

5. Akwai fuli guda da sifirin ke ja, shi ke ɗaure bel. Sifirin ɗin nan yana da ƙarfi, in ya kuɓuce ya kan fasa yatsa ko ya bugi fuska. A ja shi da sifana mai dogon hannu, a sake shi a hankali, a kau da fuska.

6. A mai da murafun bel duka, da murfin bakin kasko. Waɗansu direbobi su kan ɗaure murfin baki sama da igiya, wai don ciyawa ta fita da sauri. Wannan ganganci ne, gama murfin nan shi ke tare dutse.

Daidaitawa

Kasko karkatacce ya kan bar fili kamar askin wanzamin da bai ƙware ba, yana kuma cin mai. Da fari a auna iskar tayoyi da geji, don taya ɗaya mai ƙarancin iska ta isa ta karkatad da kasko duka. Sa'an nan a juya wuƙaƙen gefe da hannu su miƙe hagu da dama, a auna daga tsinin kowace zuwa ƙasa. Bambancin kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na inci. A sake juya su su dubi gaba da baya, a auna. A yawancin injuna so a ke gaba ya fi baya sauka kaɗan, daga kashi ɗaya cikin takwas zuwa kwatan inci. Hikimar ita ce wuƙa ta yanki ciyawa sau ɗaya da gabanta, bayanta ya wuce ba ya gugar kome. 'Yan tayoyin da ke gefen kasko ba don su ɗauki nauyinsa aka yi su ba, sai don su hana shi ƙwarzar tudu. A bar su sama da ƙasa kaɗan.

Wuƙaƙe

Kowace wuƙa tana da kaifi a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma wani ɗan fiffike lanƙwasasshe. Fiffiken nan sama ya ke duba, wajen kasko, shi ke jan iska ya miƙad da ciyawa. In aka kifa wuƙa ba za ta yanka ba, sai ta yi ta dukan ciyawa. Wajen kwancewa a tokare ta da guntun katako, a ɗaure notinta gwargwadon ƙarfin da littafi ya faɗa.

Ga wani abin lura musamman ga masu aiki a jigawa. Rairayi da iska ke ɗagawa cikin kasko yana cin ƙarfe a daidai gindin fiffike, har wurin ya zama sirara ya tsage. Ran da fiffiken ya ɓalle, fita zai yi kamar harsashi. Sabo da haka a riƙa duba wurin kowace safiya. Wuƙar da ta tsage ko ta lanƙwashe a yar da ita. Kada a kai wa maƙeri ya miƙar, kada a yi mata walda. Bayan an wasa ta da magagari, a rataya ta a kan ƙusa ta ramin tsakiya. In gefe ɗaya ya rinjaya a ƙara rage shi, don wuƙa mai rinjaye ita ke kashe boris.

Gwaji

A jikin kujera akwai wani maɓalli da ke kashe wuƙaƙe da zarar direba ya tashi. A gwada shi a fili ba kowa kusa: a kunna wuƙaƙe, a ɗan ɗaga jiki daga kujera. In ba su mutu ba, injin bai isa fita aiki ba. In kuma an kashe makunni, ya kamata su tsaya cik cikin daƙiƙa biyar zuwa bakwai. Makanikin da ya ce zai haɗa wayoyin maɓallin nan kai tsaye don a huta da shi, a ce masa a'a. Kada a tayad da inji cikin rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana da dafi marar wari mai kisa.

Ranar aiki

A zaga filin da ƙafa tukuna, a tsince duwatsu da kwalabe da ƙasusuwa da waya da turakun dabbobi. A kafa alama a kan kututture da rami da suri, gama doguwar ciyawa ta kan ɓoye su. Direba ya sa rufaffen takalmi da tabarau, ya toshe kunne, don ƙarar injin ta kan wuce awon da ke lalata ji a hankali. Babbar riga da rawani mai jela a ajiye su gida, bel ba ya sakin abin da ya kama.

Yara su ne abin tsoro. In sun ji ƙarar inji sai su sheƙo kallo, direba kuwa ba ya jin su. A kore su nesa, da su da awaki. Kada a ɗauki kowa a cinya, kujera ɗaya ce. Kada a yi yanka da baya, in za a ja da baya a kashe wuƙaƙe a waiwaya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa irin wannan inji.

A karkatad da bakin kasko daga wajen mutane da hanya da tagogi. In za a ƙetare tsakuwa a kashe wuƙaƙe. Kada a yanke fiye da sulusin tsawon ciyawa gaba ɗaya. In ta yi tsawo ƙwarai a ɗaga kasko a bi sau biyu. In ciyawa ta toshe baki, ko an ji wuƙa ta bugi wani abu, a tsaya, a kashe inji, a zare mabuɗi, a jira kome ya yi tsit. Da sanda a ke zaƙulo ciyawa, ba da hannu ba.

Gangare da bakin ruwa

Kifewa na cikin manyan abubuwan da ke kashe direbobin wannan inji. Iyakar da aka saba sawa ita ce digiri 15, watau wurin da ƙasa ta hau kamar ƙafa ɗaya cikin kowace ƙafa huɗu. Abin da ya fi haka tsayi a bar wa lauje. Mai sitiyari ya riƙa hawa da sauka sosai, kada ya bi gangare a kaikaice. Akwai kuma irin mai sanduna biyu maimakon sitiyari. Shi tayoyin bayansa ne ke tuƙi, su ke kuma birki, in sun zame a jiƙaƙƙiyar ciyawa ba abin da zai tsai da shi. A jira raɓa ta bushe. A bakin rafi ko kududdufi ko magudana a bar rata kamar faɗin injin sau biyu, domin gaɓa ta kan zube da damina.

Bayan kujera akwai wani ƙarfe mai kama da baka, shi ke tare injin kada ya danne direba in ya kife. In yana tsaye a ɗaura ɗamarar kujera. In an kwantad da shi don wucewa ƙarƙashin rassa a kwance ɗamarar, da an wuce kuma a tayad da shi nan da nan.

Mai da wuta

Kada a zuba fetur inji na aiki ko yana da zafi, kada a sha taba kusa. Kullum bayan aiki a kankare ciyawar da ta taru a kan kasko da wajen salansa. Da kaka da hunturu busasshiyar ciyawa a jikin salansa mai zafi ta isa ta ta da gobarar da za ta ci gona. In injin na yoyon man haidirolik kada a lalubi wurin da hannu, ƙarfinsa ya kan huda fata. A kara kwali a gani.

Masu tarakta da ke jan babbar wuƙar share gona, duk wannan ya shafe ku. Sandan da ke ba ta ƙarfi daga bayan tarakta yana juyawa sau 540 cikin minti, watau sau 9 cikin daƙiƙa guda. Kada a yi aiki da shi ba kubensa, kada a tsallaka shi yana juyawa.

Ga ɗan kasuwa da akawu

Ɗan kasuwar da zai sayi tsohon inji ya sa a kife kaskon ya duba tsatsa da tsaguwa, ya girgiza kowace wuƙa ya ji ko boris ya mutu, ya ƙirga murafu, ya nemi littafin injin. Araha ba ta ado in za a biya ta da hannun yaron gida. Akawun makaranta ko na ma'aikata kuwa ya buɗe littafi guda: ranar da aka sa giris, da ranar da aka wasa wuƙa ko aka sake bel, da awoyin aiki, da sunan wanda aka koya wa tuƙi. Mabuɗi ya zauna a hannun mutum ɗaya, kada a ba wanda sunansa ba ya cikin littafin.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa direban da bai iya ba, a kuma manna takardar nan a ɗakin da a ke ajiye inji. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.