Gajerun Awaki a Matsayin Dabbobin Ɗebe Kewa: Asalinsu da Kula da Su

Gabatarwa

A wurin Bahaushe akuya dukiya ce. Ana kiwon ta don suna ko biki, ko don ranar da lalura ta taso a kai ta kasuwa. Amma a Amurka da Ingila akwai masu ajiye wasu gajerun awaki a gida kamar yadda ake ajiye kare ko kyanwa, har a raɗa musu suna, ba don yanka ba. Hausa ba ta keɓe kalma guda ga irin wannan dabba ba, don haka a wannan maƙala zan kira ta "dabbar ɗebe kewa". Manufata ita ce in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai asalin waɗannan awaki da abin da kula da su yake bukata, mu kuma tsinci wasu kalmomin kiwo a hanya.

Asalinsu

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan ƙasar Yarbawa ko ta Ibo ya san akuyar nan mai gajerun ƙafafu da ƙaton ciki. Tsayinta daga ƙasa zuwa kafaɗa yakan kama daga santimita 30 zuwa 50. Tana jure cutar sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa, shi ya sa take rayuwa a kurmi, inda jar akuyar Sakkwato da Maraɗi take shan wahala.

Tsakanin shekarun 1930 da 1960 an yi ta kai irin wannan akuya gidajen namun daji na Amurka. Daga nan ta faɗa hannun masu kiwo, suka fitar da iri biyu. Na farko shi ne Pygmy, mai kaurin jiki. Na biyu shi ne Nigerian Dwarf, mai siririn jiki da nono mai maiƙo, wanda ƙungiyar masu awakin madara ta Amurka ta amince da shi a 2005. A 2007 majalisar birnin Siyatil ta halatta ajiye su a gidajen cikin gari, bisa sharaɗin a yi musu rajista, a cire musu ƙaho, a kuma dandaƙe mazan. Ashe dai ba don tsawo akan ga wata ba.

Kula da Su

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, ƙanƙanta da suna mai daɗi ba sa sauya halittar akuya. Wanda ya ɗauke ta tamkar kyanwa, son da yake yi mata ne zai kashe ta. Ga dalilai:

1. Abokin zama. Akuya dabbar garke ce. Idan aka ajiye ta ita kaɗai, sai ta yi ta kuka, ta ƙi cin abinci, ta dami maƙwabta. Mafi ƙaranci a ajiye biyu. An fi son mata ko tauraye, domin bunsuru yana fesa wa gemunsa da ƙafafunsa fitsari, warinsa kuwa ba ya zaunuwa a tsakar gida.

2. Abinci. Cikin akuya kashi 4 ne, an kuma halicce shi don ganye da ciyawa. Saboda haka harawa da busasshiyar ciyawa da ganyen itatuwa su ne tushen abincinta, dusa da hatsi kuwa ɗan ƙari ne. Idan ta ci hatsi ko burodi da yawa a lokaci guda, tumbinta yakan yi tsami ya kumbura, tana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Taure ya fi shiga haɗari, domin yawan hatsi yana tara masa tsakuwa a mafitsara har fitsari ya toshe. A Ingila doka ta hana ba awaki ragowar abincin kicin, ko da na ɗebe kewa ne, tun bayan annobar cutar baki da kofato ta 2001. A nan gida kuwa, a shanya ɓawon rogo ya bushe kafin a ba su saboda gubar da ke cikin ɗanyensa, a kuma kawar da leda, domin ba ta narkewa a tumbi.

3. Ruwa da gishiri. A ba su ruwa mai tsabta kullum, da gishirin lasa da aka haɗa don awaki. Wanda aka haɗa don tumaki ba shi da isasshen sinadarin jan ƙarfe da jikin akuya yake bukata.

4. Makwanci. Akuya ba ta son ruwan sama da danshi. A yi mata rumfa mai busasshen daɓe, da shinge mai tsayin aƙalla mita 1.2, domin gwanar tsalle ce. Ɗaure ta a turke ba mai lura yana sa igiya ta shaƙe ta, ko karnuka su far mata.

5. Lafiya. A riƙa yanke mata kofato duk bayan mako 6 zuwa 8. A duba cikin fatar idonta: idan ya yi fari maimakon ja, alama ce ta tsutsar ciki ta shanye mata jini. A Nijeriya wajibi ne a yi mata allurar rigakafin annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom take samarwa.

Wasu Kalmomi

Jam'in akuya shi ne awaki ko awakai, kuma bai bi ƙa'idar da aka saba ba, sai dai a haddace shi. Namiji shi ne bunsuru, wanda aka dandaƙe kuma taure. Tuƙa ita ce dawo da abinci baki a sake taunawa, a rubuce kuma ta yi kama da tuƙa tuwo. Harawa busasshen ganyen wake ne ko na gyaɗa. Yarbanci ma ya bambanta ewúrẹ́ da òbúkọ, Ibo kuma ewu da mkpi. Zai yi kyau kowane ɗalibi ya nemo yadda harshensa yake kiran taure.

Kammalawa

Wannan akuya takan rayu shekara 10 zuwa 15 idan ta sami kula, wato wanda ya saye ta yana aji ɗaya zai gama jami'a da bautar ƙasa tana nan. Don haka ina ba da shawara, kafin mutum ya ɗauko ta, ya tabbata yana da fili, da kuɗin harawar rani, da likitan dabbobi kusa, da halin ajiye biyu. In babu waɗannan, gara ya haƙura da kallon ta a hoto.