KAZA MAI SHAN ƘWANTA: DALILI DA MAGANI

Zuwa ga Hakimai da Malamansu.

Kuka ne da a ke ji a ƙauyuka da yawa, cewa kaza ta saka ƙwai, an zo ɗauka sai a tarar da ɓawo kawai. Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne. To, amma kajin gida yawancinsu na mata ne da yara, da su a ke cefane, a sayi magani, a sauki baƙo. Kazar Hausa ta kan saka ƙwai 10 zuwa 15 a zubi ɗaya, kamar sau 3 a shekara. In ta shanye zubi guda, sulusin amfaninta na shekara ya tafi. Har ila yau sau da yawa a kan zargi yaro ko maƙwabci da sata, magana ta kai gaban mai-unguwa, alhali kuwa ɓarauniyar tana cikin akurki.

1. A Fara Gane Mai Laifi

Maciji ya kan haɗiye ƙwai ɗungum, gafiya kuwa ta kan janye shi, ba su cika barin alama ba. Amma in an ga shimfiɗar wurin saka ta jiƙe, ga gutsattsarin ɓawo, sai a duba bakin kajin da gashin wuyansu. Wadda a ka ga gwaiduwa ta bushe a bakinta, ita ce.

2. Abin Da Ke Jawo Shi

Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare kan shiga. Kaza ba ta cika fara fasa lafiyayyen ƙwai ba. Da ma ƙwan ne ya kan fashe don rashin ƙwarin ɓawo, ta ɗanɗana, ta ji daɗi, daga nan ta koyi sara da kanta, sauran kuma su koya daga gare ta.

Ɓawon ƙwai kusan dukkansa alli ne, watau abin da masana ke kira kalsiyam. Kowane ɓawo ya kan ci kamar giram 2, kaza mai saka kuwa tana bukatar wajen giram 4 kullum. Gero da dawa da masara da dusa ba su da shi sai kaɗan ƙwarai. Saboda haka kazar da a ka tsare a gida, a na watsa mata tsaba kaɗai, dole ɓawonta ya yi laushi. Zafin bazara ma ya kan rage kaurin ɓawo, haka kuma annobar kaji da a ke kira Niyukasal, wadda ta fi yawa da hunturu. Ban da waɗannan akwai ƙishirwa, da yunwa, da cunkoso, da barin ƙwai ya yini a fili, da jefa wa kaji ɓawon da a ka fasa a madafa.

3. Magani

(a) A ba su alli. A ƙona ƙashi har ya yi fari, kamar yadda mata masu kaɗi kan yi, a dandaƙa shi ya zama kamar tsaki. Ko a gasa ɓawon ƙwai a daka sosai, yadda kaza ba za ta gane shi ba. Ɓawon katantanwa ma ya yi. A zuba a kasko dabam, su ci gwargwadon bukatarsu. A lura, kanwa ba ta maye gurbin alli.

(b) A ƙara musu abinci mai gina jiki, kamar gara, da fara, da garin ƙuli-ƙuli marar gishiri, da gasasshen waken suya. Ruwa mai tsabta kada ya yanke, a ajiye shi a inuwa.

(c) A gyara wurin saka. Tsohuwar tukunya da a ka kwantar a lungu mai duhu ta isa, a shimfiɗa ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa da kauri. Wuri ɗaya ga kaji 4 ko 5. Kaza ba ta saran abin da ba ta gani sosai.

(d) A riƙa kwashe ƙwai sau 2 ko 3 a yini, musamman da hantsi, don yawancin kaji kafin azahar su ke saka. In wani ya fashe, a kwashe shi duk da shimfiɗar nan da nan. Wanda za a ba kaza ta kwanta a kai, a ajiye shi wuri mai sanyi, kada ya wuce kwana 10.

(e) A bar mata ƙwan ƙarya, na itace ko dutse mai santsi. Ta sara ta sara ba ta sami kome ba, sai ta gaji ta bari. Shi ne kuma zai hana ta sake wurin saka.

(f) A yi wa kaji rigakafin Niyukasal kafin hunturu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom tana yin maganin, malamin dabbobi ya san hanyar samunsa.

Kada a ƙona bakin kaza da wuƙa mai zafi ko a guntule shi. Azaba ce, ta kan kuma hana ta kiwo. In an keɓe ta mako 2, an yi duk abin da a ka faɗa ba ta daina ba, gara a yanka ta kafin ta lalata sauran.

4. Roƙo Ga Shugabanni

Muna roƙon Hakimai su sa malamansu su karanta wannan takarda ga dagatai da masu-unguwa, su kuma su isar ga magidanta, har labari ya shiga cikin gida wurin masu kajin. In kuma an kawo ƙarar satar ƙwai, kafin a tuhumi ɗan wani, a aika a duba bakin kaza tukuna.