Sita Ba Iri Ɗaya Ba Ce: Yadda Kan Sukuru Ke Cinyewa

A garejin babura, da wuya rana ta faɗi ba a ji yaron shago ya ce, "Oga, ya cinye" ba. Sukurun kafireto ne, bakin sukundireba na ta juyawa a cikinsa, garin ƙarfe na zuba. Yawanci tsatsa ake ɗora wa laifi, alhali masu sana'ar sun san mafi yawan ɓarnar daga bakin da aka sa take.

Sukuru mai ramin gicciye da ake kira "sita" a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fantekar Kaduna iri uku ne a ƙalla. Akwai Phillips, wanda ya yaɗu daga Amurka bayan kamfanin General Motors ya fara amfani da shi a motar Cadillac a 1936. Bakinsa na da gangara, shi ya sa yake zillewa sama idan aka matsa masa. Akwai Pozidriv, mai siraran layuka huɗu tsakanin rassan gicciyen, wanda kafintoci ke gani a kayan katako na Turai. Sai na Japan, JIS, da ke jikin baburan Honda, Yamaha da Suzuki, sau da yawa da ɗan ɗigo a gefen kansa. Bakin Phillips ba ya zama daram a cikin na Japan; nan ne kafireto ke cin wuya.

Girma ma na da lamba: PH0, PH1, PH2, PH3. PH2 ya fi yawa a aikin gida, amma yaro kan ɗauki PH1 don ya fi saurin shiga. Gwajin mai sauƙi ne: a sa bakin, a girgiza. In yana rawa, ba nasa ba ne. Masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano sun san haka, domin sukurun ƙasan iPhone mai kusurwa biyar ne, bakin Torx mai kama da shi kuwa shida.

To, in ya riga ya zille fa? Gwani yakan tsaya tun a zillewar farko. Ya share ramin da allura, ya ɗiga man sassauta tsatsa irin WD-40, ya ba shi lokaci. Sannan ya kafa bakin da ya dace, ya ɗan bubbuga da guduma, ya danna da ƙarfi, ya murɗa hagu a hankali. Dannawar ta fi murɗawar muhimmanci.

In ƙaramin sukuru ne, faffaɗar robar ɗaure kuɗi a kan ramin takan ba bakin abin kamawa. In kan ya fito waje, filaya mai kullewa ta isa, ko a tsaga shi da zarton ƙarfe ya koma na filat. Akwai kuma sukundireban da ake duka da guduma, yana danna yana juyawa lokaci guda. Injin huda shi ne na ƙarshe: bakin da ke ci ta hagu, ko abin zaro karyayyen sukuru, wanda in ya karye a ciki aikin ya ninka, don ƙarfensa ya fi na bakin huda tauri.

Sukurun da ya fita da ƙyar ba ya komawa, sabo ake sa wa. Sukundireban da bakinsa ya side, ya yi sheƙi, shi ma a jingine shi. Na filat ana iya gyara masa baki da magagari, na sita kuwa sai dai a sayo wani.