Amsoshin Tambayoyinku: Me ɗalibar lauya za ta je yi a ƙasar da dokarta daban ce?

Tambaya: 'Yata tana shekara ta biyu a wata jami'a a Dublin, tana haɗa karatun lauya da na kasuwanci. Ta ce baɗi za ta tafi Faransa ta yi zango ɗaya a shirin musayar ɗalibai. Dokar Faransa ai daban take da wadda take karantawa. Wannan ba ɓarnar lokaci da kuɗi ba ce? Daga wani mahaifi.

Amsa: Alhaji, Allah ya yi wa yarinya albarka. Shirin da ya fi shahara a wannan harka shi ne Erasmus, wanda aka fara a Turai a 1987, aka faɗaɗa shi a 2014. Ɗalibi yakan yi wata 2 zuwa 12 a wata jami'a, ba ya biyanta kuɗin makaranta, yana ci gaba da biyan tasa ta asali, kuma akan ba shi ɗan tallafin wata-wata. Tallafin rage zafi ne kawai, kuɗin haya da na abinci suna nan suna jiranka. Ba sai tana da fasfon Turai ba, rajistarta a jami'ar Dublin ita ce sharaɗi.

Ta ɓangaren kasuwanci babu wata matsala. Lissafin riba da faɗuwa ɗaya ne a Dublin da birnin Liyon na Faransa. Doka ce ba ta tsallaka iyaka cikin sauƙi, kuma a nan tambayarka ta yi nauyi.

Ailan, ƙasar da Dublin take ciki, ta gaji tsarin Ingila, irin wanda Najeriya da Ghana suka gada, inda hukuncin da manyan alƙalai suka yanke a baya yake zama doka ga na ƙasa da su. Faransa kuwa kundi take bi, wanda aka kafa a 1804 zamanin Napoliyon. Ɗalibin Dublin ya saba karanta hukunci mai shafuka da yawa, kowane alƙali na zuba dalilansa. A Faransa za a miƙa mata hukuncin kotun ƙoli ɗan gajere, a ce ta yi masa sharhi, a raba shi gida biyu, kowane gida kuma a sake raba shi biyu. Wanda ya kauce wa wannan tsari, ko da ya san amsa, makinsa zai sha kashi. Maki a kan 20 ake bayarwa, 10 ne cin jarrabawa, kuma malaman lauya na can ba su da sakin hannu. In ta kawo maka 13, kada ka ɗaure fuska, ta yi ƙoƙari.

To mene ne ribar? Ɗauki misalin 'yan kasuwa biyu da suka daɗe suna ciniki, ɗaya ya kashe kuɗi yana shiri, ɗayan ya janye dab da sa hannu. Majalisar Iyayen Ƙasa ta Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta yanke a 1992 cewa alkawarin yin ciniki da kyakkyawar niyya ba ya ɗaure kowa. Kundin Faransa kuwa, bayan gyaran 2016, ya faɗa a sashe na 1104 cewa kyakkyawar niyya wajibi ce tun daga tattaunawa har zuwa cika kwangila. Lauyan kamfani da bai san wannan bambanci ba zai iya jefa wanda yake wa aiki cikin asara. Idan kuma wata rana ta dawo Afirka, dokar kasuwanci ta OHADA, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a 1993 kuma ƙasashe 17 ke bi, ciki har da Nijar da Chadi da Kamaru, daga tsarin Faransa ta samo tushe. Najeriya ba ta ciki, amma kaya kullum suna ratsawa tsakanin Kano da Maraɗi. A ganina wannan kaɗai ya isa dalili.

Inda ɗalibai ke faɗawa rami shi ne wajen takardu. Jami'o'in Turai suna auna karatu da awo guda, 60 a shekara, 30 a zango. Kafin tafiya akwai yarjejeniyar karatu da ɗaliba da jami'o'in biyu za su sa wa hannu, mai ɗauke da sunan kowane darasi. Abin da ba ya cikinta, ba dole ba ne a lissafa mata shi in ta dawo. Sannan hukumomin da ke ba da izinin zama lauya a Ailan suna da darussan da suke buƙata, irin su dokar kwangila, ta filaye da ta tsarin mulki, kuma na Faransa ba sa maye gurbinsu. Waɗannan ta yi su a Dublin. A can ta zaɓi abin da ba shi da iyaka: dokar Tarayyar Turai, sasanta rikicin kasuwanci ba tare da kotu ba, da yarjejeniyar Biyana ta 1980 kan saye da sayarwa tsakanin ƙasashe. Ta kuma bincika harshen koyarwa, don Faransancin gaisuwa ba ya ɗaukar laccar awa uku.

Akwai kuma biza. Ailan ba ta cikin yankin Shengen, saboda haka katin zamanta na Dublin ba zai shigar da ita Faransa ba. In ba fasfon wata ƙasar Tarayyar Turai take riƙe da shi ba, zaman da ya wuce kwana 90 sai da bizar dogon zama. Ta fara nemanta tare da ɗakin kwana da zarar takardar karɓa ta iso, kuma ta tambayi ofishin ɗaliban waje ko izinin zamanta na Ailan zai ƙare tana can.