Wa Ke Biyan Kuɗin Magani? Darasi Daga Shirin Bamako

Karatu: Luka 10:25-37

Manufa: Mai karatu ya gane yadda aka riƙa biyan kuɗin jiyya a Afirka tun zamanin mishan, da abin da wannan tarihi yake koya wa masu riƙon ɗakunan magani na ikilisiya.

Gabatarwa

Duk sa'ad da aka yi wa'azi a kan Basamariyen nan mai tausayi, akan tuna da mai da ruwan inabin da ya zuba a raunukan mutumin, da dabbar da ya ɗora shi a kai. Ba safai ake tsayawa a kan dinari biyun da ya ba mai masauki ba, ko alkawarin da ya yi na biyan ragowar in ya komo. Amma ba don kuɗin nan ba, da jiyyar ta tsaya a rana ta fari. Jinƙai yana da tsada, dole kuwa wani ya biya. Tambayar da ta dami Afirka shekaru ɗari da suka wuce ke nan: wane ne zai biya?

1. Zamanin asibitocin mishan

'Yan mishan na Katolika suka buɗe asibitin Sacred Heart a Abeokuta a 1895. Mishan ta SUM ta kafa asibitin Vom a 1922. 'Yan mishan na Brethren suka sauka Garkida a 1923, inda daga baya aka yi babban mazaunin jiyyar kuturta. SIM kuma ta buɗe asibitin ido na Kano a 1943, da asibitin Galmi a ƙasar Nijar a 1950, da Evangel a Jos a 1959.

Dattawa sukan ce a lokacin nan da 'yan kwabbai ake samun magani, wani lokaci ma kyauta. Gaskiya ne, amma akwai masu biya a bayan fage. Masu bi na Ingila da Amurka da Kanada suna aiko da baikonsu, likitocin suna zama da ɗan abin da bai kai albashinsu na gida ba, gwamnati da En'e kuma suna ba da taimako, musamman wajen aikin kuturta. Sa'ad da mishan ta miƙa aiki ga ikilisiyoyin ƙasa, an gāji gine-gine da gadaje, amma ba a gāji aljihun da ke ciyar da su ba. Wasu asibitocin gwamnatocin jihohi suka karɓe a shekarun 1970. Ikilisiyoyi suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar CHAN a 1973, wadda daga baya ta buɗe sashen sayo magunguna a sari domin asibitocinsu.

2. Daga Alma-Ata zuwa Bamako

A 1978 ƙasashe 134 suka taru a Alma-Ata, cikin tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka amince cewa kafin shekara ta 2000 kowane mutum zai sami kiwon lafiya na matakin farko kusa da gidansa. Ba a daɗe ba bashi ya danne ƙasashen Afirka, farashin abin da suke sayarwa waje ya faɗi. A Nijeriya shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada. Sunan magani kyauta yana nan, amma kantocin asibiti sun bushe. Likita ya rubuta takarda, majiyyaci ya nufi kasuwa, inda jabu da na ainihi suke zube a faifai ɗaya.

Cikin wannan hali ne ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, babban birnin Mali, a watan Satumba 1987. Tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, wadda James Grant yake shugabanta a lokacin, suka amince da abin da aka sani da Shirin Bamako. Ƙasashen Benin da Gini ne suka fi yin suna wajen aiwatar da shi. Nijeriya ma ta karɓe shi a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya.

3. Yadda asusun yake juyawa

Hausawa suka ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Akan ba ɗakin magani jarin farko na magunguna masu muhimmanci, marasa tsada. A sayar wa majiyyata da 'yar riba kaɗan, a ajiye kuɗin a asusu na dabam ƙarƙashin kwamitin mutanen gari, sa'an nan a sake sayo magani da shi. Muddin kuɗin yana komowa, kanta ba za ta bushe ba. A wurare da yawa haka aka gani: magani ya samu, mutane suka komo, rigakafin yara ya ƙaru.

Amma asusun yana da ƙofofin yoyo. A ɗauki misalin ɗakin maganin da ya fara da jarin naira 1,000,000, ya ɗora ribar kashi 20 cikin 100. In an sayar da kome, aka kuma karɓi kome, za a sami naira 1,200,000. In farashi ya tashi da kashi 30 cikin 100 kafin a koma kasuwa, ana bukatar naira 1,300,000 domin sayo adadin dā. Ba wanda ya saci ko kwabo, duk da haka jari ya ragu. A 1995 hauhawar farashi a Nijeriya ta wuce kashi 70 cikin 100. Sai a ƙara da bashin da manyan gari suka ci ba su biya ba, da maganin da ya lalace a kanta, da kuɗin da aka ara domin albashi ko gini da niyyar mayarwa.

4. Wanda aka bari a bakin hanya

Babban raunin shirin shi ne matalauci. An rubuta cewa za a yafe wa marasa hali, amma a yawancin wurare ba a ware kuɗin da zai cike gurbin ba, saboda haka ma'aikata suka riƙa ƙin yafewa. Uwa takan zauna da yaro mai zazzaɓi a gida har sai ya fara suma. A Gana aka yi tsarin biya kafin a taɓa ka, har ƙasar ta kafa inshorar lafiya a 2003. Yuganda ta soke kuɗin jiyya a asibitocin gwamnati a 2001, masu zuwa asibiti suka ƙaru ƙwarai, wanda ya nuna yawan waɗanda kuɗi ya hana a dā.

Sokewar ma tana da nata darasi. Nijar ta yafe kuɗin jiyyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 a 2006, amma gwamnati ta yi ta jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu, bashi ya taru, magani ya sake yankewa. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, kaɗan ne suka cika. A Nijeriya, ko da yake dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jiyya daga aljihun majiyyaci yake fita.

Kammalawa

Ɗakin maganin ikilisiya yana tsakanin ramuka biyu. In ya raba magani ba lissafi, zai rufe, matalauci da mai hali duka su rasa. In ya bi riba kaɗai, ya zama kanti mai alamar gicciye a ƙofa. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne a raba asusu biyu. Kuɗin magani amana ne: a sa farashi bisa ga tsadar sayowa ta gaba, kada a ara shi domin wani aiki, a karanta lissafinsa a gaban majalisa. Jiyyar marasa hali kuwa a biya ta daga asusun jinƙai wanda jama'a suke tarawa tun da kaka, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Basamariyen bai roƙi mai masauki ya yi hasara ba, shi ne ya kwance lalitarsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Su wane ne suka biya kuɗin jiyya a zamanin mishan, su wa kuma ya kamata su biya yau?
2. Wace ƙofar yoyo ce ta fi barazana ga asusun magani a yankin mai karatu?
3. Ta yaya majalisar ikilisiya za ta gane mara hali na gaskiya ba tare da ta kunyata shi ba?
4. Wane aiki zumuntar mata da ta matasa za su iya ɗauka cikin tara asusun jinƙai?