Darasin Adabi: Yadda Mawaƙanmu Suka Siffanta Mutuwa

Wataƙila kun taɓa jin makaho yana rera Imfiraji ranar Juma'a a Kazaure ko a kasuwar Babura, kuka wuce ba ku saurara ba. To, waƙar Malam Aliyu Namangi ce, mutumin Zariya, wanda ya rasu a 1990. Shi ma makaho ne tun yana yaro. Nan gaba in kun ji, ku tsaya.

Abin lura shi ne, mawaƙan wa'azi ba sa cewa "za a mutu" kawai su yi shiru, don kowa ya san mutuwa rigar kowa ce, amma sanin bai hana mu shagala ba. Sai su kawo maka ita kusa. Su nuna maka ruwan wanka, da likkafani, da makara a kafaɗar mutane, da yadda masu rakiya za su juya gida su bar ka da tambayar Munkar da Nakir, magada kuwa har sun fara lissafi. Ita kuma duniya sukan mai da ita mace mai kwalliya, ta yi maka murmushi yau, gobe ta koma wa wani. Ko kasuwa, kowa ya ci ya tashi. A ganina wannan ta kasuwa ta fi shiga zuciya. Wa ya taɓa ganin wanda ya kwana a rumfa don ciniki ya yi daɗi?

Akwai kuma marsiyya, wato waƙar da ake wa wanda ya riga mu gidan gaskiya. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi su da yawa. Da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837 ta yi masa da Fulatanci. Mutumin da ya yi yaƙe-yaƙe, ya yi sarauta shekara 20, amma abin da ta fi ambata shi ne iliminsa, da tsoron Allah, da kyauta, da kula da talakawa. Kuma ba ta ɓoye baƙin cikinta ba, don hawaye ba haramun ba ne.

Aikinku na wannan mako: kowa ya je wurin kakarsa ko wani dattijo a unguwa, ya roƙe shi baiti uku na waƙar wa'azi da ya haddace. Ku rubuto da ajami da boko, ku ja layi ƙarƙashin abin da aka kwatanta duniya da shi, ku kawo wa malaminku ranar Asabar.