Kaɗaici Ma Yana Cin Jiki

Mu ma'aikatan lafiya mun saba da auna jini da suga, amma akwai abin da awo ba ya nunawa: wa mara lafiya yake da shi a gida? Na sha ganin dattijuwa mai ciwon suga da gyambo a ƙafa, tana shan magani a kan ƙa'ida, ana wanke mata ciwon, amma ya ƙi kamewa. In na ce, "Hajiya, da wa kuke hira da daddare?" sai ta gyara mayafi ta ce, "Yaran duk suna Abuja, sai dai waya."

Wannan amsa tana da alaƙa da gyambon. Ƙwaƙwalwa tana ɗaukar kaɗaici a matsayin haɗari, sai ta sa wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda su saki sinadarin kotizol. A ƙa'ida yakan hau da safe, ya sauka da dare. Idan damuwa ta daɗe, wannan tsari yana rikicewa: barci ya lalace, suga da jini su hau, fararen ƙwayoyin jini su daina jin umarnin sinadarin. Daga nan kumburi ya zauna a jiki, ƙarfin yaƙi da cuta ya ragu, rauni ya jima bai warke ba.

A 1997, Sheldon Cohen na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ya ɗiga wa mutum 276 masu lafiya ƙwayar cutar mura a hanci. Waɗanda suka fi ƙarancin hulɗa da jama'a, haɗarin kamuwarsu ya ninka na masu yawan hulɗa kusan sau huɗu. A 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida yana fama da kaɗaici.

Kada cikar gida ta ruɗe mu. Mai takaba bayan masu gaisuwa sun watse, amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba, da mai jinyar da ba ta da mai karɓarta, duk suna iya zama cikin mutane babu mai sauraronsu.

Magani yana nan a matsayinsa, kada a daina. Amma zumunci a ƙafa yake. Ku tsayar da rana a kowane mako ku je, ku ajiye waya, ku ci abinci tare, ku raka su asibiti. In kun ga rashin barci, ƙin abinci ko yawan kuka sun wuce mako biyu, ku kawo su a duba su.